Tirelar da Ta Fi Ƙarfin Lungu

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata Asabar a zamanin mulkin soja, ni da yayana Alhaji Sani da Malam Iro bakanike muna tsaye a kangonmu na Kwarbai. A gabanmu ga tsohuwar 'yar tirelar da motar Yaya ke ja. Ni na yi alkawarin gyara ta, don a kwaso masararsa daga gona kafin ruwa ya sauko.

Ni mutum ne mai tsari. Na fara da aksil, ƙarfen nan da ke riƙe tayoyi biyu, na cire tsohon na sa wani ƙato da na samo a Sabon Gari. Daga nan birki, sannan tayoyi. Kowane noti sai da na sake bi da sifana.

Malam Iro ya ce, "Malam, ka dai auna ko?"

Na ce, "Sau uku. Kada ka koya mini aiki."

Muka turo ta. Tana kai bakin lungu ta cije, taya ɗaya a katangar maƙwabci, ɗaya a tamu. Na tsuguna ina leƙe, ina mamakin yadda lungun da take bi shekara goma ya tsuke yau.

Yaya ya ce, "Injiniya, tirelar ka auna, ko lungun?"

Jakuna suka kwaso masarar, rabinta a jiƙe. Har yau ko akuya ta maƙale a lungu, sai a ce a kira Injiniya. Don Allah, in kun shigo Kwarbai, ku kira ni da sunana na yanka.