Abin Wuyan Nawab Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu busassu ƙayau don kada wasu su samu abin kai wa gaba, ni Rimsha 'yar Malam Ilyas, ta gida mai koriyar ƙofa a Layin Marina, tsohon garin Rawalpindi, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da magulmata rasuwar Abin Wuyan muzuruna Nawab. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana bakin aiki, a saman benen Chacha Barkat mai tattabaru. Ya shekara huɗu a duniya, wanda a wurin fatar akuyar da ke yini a rana ta kwana a raɓa, tsufa ne tukuf.

Marigayin ɗan asalin kasuwar Raja Bazar ne. Jikinsa jar fata ce mai faɗin yatsa, muryarsa 'yar ƙararrawa, fuskarsa kuma ɗan allon tagulla da bai fi tsabar kuɗi girma ba. An raɗa masa suna a rumfar Ustad Ghafur, mai zana sunaye a jikin tukwane da kwanuka, kuma tun a ranar aka san ba zai yi rayuwa mai sauƙi ba.

Ustad ya ɗauki ƙarfensa ya ce, "Beti, 'yata, faɗi lambar wayar Abbunki."

Na ce, "Abbu ba shi da mage."

"To, ta yayanki."

"Shi ko kansa bai iya ciyarwa ba."

Ya zare tabarau ya dube ni. "Tun kafin a haife ki nake rubutu a ƙarfe. Tukunyar mace ma sunan mijinta nake sa mata. Ke kuma za ki rataya lambar wayarki a wuyan dabbar da ke shiga gidan kowa ba sallama?"

Na ce, "Ustad ji, tagullar ce ta ƙi, ko hannunka?"

Ya rubuta yana ta istigfari. NAWAB. NA RIMSHA NE. A ƙasa, lambata, ba a rage ko ɗaya ba.

Waɗanda suka zauna da marigayin sun shaide shi da gaskiya. Magana ɗaya ya riƙe tun yana sabo har ya tsufa, kuma ya faɗe ta a kowane soro, a kan kowace katanga, a bakin kowane tankin ruwa na unguwar nan. Bai taɓa sauya ta don ganin idon mai gemu ba. Harshensa kuwa uku ne. Akwai "ƙilin-ƙilin" na mai gida ya dawo, a kawo abinci. Akwai "ƙililililin" na an biyo shi da tsintsiya daga shagon mai madara. Sai kuma "ƙil" guda ɗaya tak, wadda yake saki a daidai lokacin da Nawab ya gama laɓewa zai daka tsalle, sai ka ga tattabarun Chacha Barkat sun tashi fir. Nawab bai taɓa yafe masa wannan ba.

Marigayin ya sha gwagwarmaya, kuma ni na sha tare da shi. A satin farko Fuffo Shagufta, ƙanwar Abbu, ta ɗauko mayafi ta taso tun daga hayin gada, ta zauna a tsakar gidanmu tana tafa hannu.

"Lambar 'ya mace tana tsallake katanga! Digiri biyu a ilimin sinadarai, kina koyar da 'ya'yan mutane a kwaleji, ƙarshen karatun ke nan? Yaya, kana ji kana gani?"

Abbu ya juya shafin jarida.

Gaskiyar Fuffo a wuri ɗaya: an kira. Samarin da ba su taɓa ba mage ko ƙashi ba suka koma sayen kan kifi, suna lallaɓa Nawab don su karanta wuyansa. Wani in na ɗauka sai ya yi kukan mage. Wani ya ce, "Madam, ni ma na ɓata, a zo a ɗauke ni." Wani numfashi kawai yake yi, kamar mai hawa bene da buhun shinkafa. Ban sauya lamba ba. Ban kashe waya ba. Abin da na yi, na riƙa miƙa wa Dadi, kakarmu, wadda kunnenta ya yi nauyi kuma ta daɗe ba ta samu mai sauraronta ba.

"Wa ke nan? Ɗan gidan wa? Kai ne jikan Fazal mai dambe? Allah sarki! To, wannan gwiwar tawa ta dama, tun shekarar ambaliya..."

Ba wanda ya kai ƙarshen labarin gwiwar. Waɗanda ta gane muryarsu kuwa, washegari sai ta tare iyayensu mata a bakin famfo ta yi musu godiya, ta ce ɗanku akwai zumunci. Kafin damina ta zagayo, layin ya yi tsit.

Ba zan ɓoye wa masu makoki ba, an taɓa yunƙurin hallaka marigayin, kuma daga cikin gida. Wata rana na dawo daga aiki na tarar lambobi biyu na ƙarshe sun shafe, ga sabon karce a tagulla, ga magagari a aljihun rigar yayana Bhai Taukir, ga sawun farce uku a bayan hannunsa. Ya ce a babur ya ji ciwo. Na mai da marigayin wurin Ustad Ghafur aka sake sassaƙa lambar, wannan karon da zurfin da sai dai a huda tagullar. Marigayin ya ɗauki wannan tabon har ƙarshen ransa, bai taɓa kai ƙara ba.

Akwai kuma kiran da Fuffo ba ta hango ba. Nagina, amaryar gidan bayanmu da aka kawo daga Chakwal ba ta san kowa ba, ta fara kirana ne da cewa, "Baji, yayata, ɓarawonki ya tafi da cinyar kazata." Na kai mata wata. Yanzu kullum sai mun yi waya, ko an yi sata ko ba a yi ba. 'Yan matan layi masu jarrabawa su ma a wuyan Nawab suka samo malamarsu. Ba ni da allo a ƙofa, ba ni da kati. Marigayin ne kaɗai abin da ya taɓa fita titi ɗauke da sunana.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da daminar bana. Muryarsa ta dishe, "ƙilin" ya koma "ƙes-ƙes", kamar tsohon da ke neman tsinken sakace a aljihu. Fatarsa ta tsattsage. Na yi jinya gwargwadon hali, na shafa masa man kwakwar da Ammi, mahaifiyata, ke ɓoyewa don gashinta, na goge tagullar da toka da lemun tsami. Ya ɗan farfaɗo, ya koma aiki, domin bai san hutu ba.

Ranar Talata Nawab ya hango wata farar tattabara a gefen benen Chacha Barkat, inda rodi ke tsaye cirko-cirko yana jiran hawa na huɗu tun ina firamare. Marigayin ya yi ƙoƙarin gargaɗi, murya ta ƙi. Nawab ya yi tsalle, tattabara ta kauce, rodi ya shige tsakanin fata da wuya. Shaidu sun ce muzuruna ya yi lilo a saman layi, ƙafa huɗu a iska, harshe a waje. A nan marigayin ya yi abin da aka ƙera maɓallinsa ya yi. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ɗas". Ya saki. Nawab ya faɗa kan rumfar mai shayi, ya miƙe, ya lashi kafaɗa, ya wuce kamar dama can nan ya nufa.

Chacha Barkat ne ya sauko da gawar da doguwar gorar da yake kaɗa wa tattabaru, ya kawo min ita a cikin hularsa.

"Beti, na tsani ɗan banzan muzurun nan naki, Allah ya sani. Amma wannan abin ya fi wasu masu gashin baki amana. Ki nemo wani kafin Juma'a. In ya hau min bene ba ƙararrawa, buhu zan sa shi in kai shi bayan gari."

Marigayin ya bar Nawab, wanda bai nuna alhini ko na ƙwayar zarra ba, sai ma susar wuya da ƙafar baya cikin nishaɗi. Ya bar tattabaru masu yawa da suke numfashi albarkacinsa, da 'ya'yansu da jikokinsu. Ya bar Dadi, Nagina, da ni.

Muna godiya ga waɗanda suka riga suka zo gaisuwa. Fuffo Shagufta ta iso da kwalin mithai, alewar rabo a biki, abin da ban taɓa gani an kai gidan rasuwa ba, ta ce, "Allah ne ya dubi zuri'ar nan." Bhai Taukir ya fi ta dabara. Ya kawo sabon abin wuya baƙi mai sheƙi, an riga an zana lambarsa.

"Ban hana ki mage ba, Rimsha. Amma wannan karon lambar namiji. An gama magana."

Na ce, "Bhai, in ya yi amai a kicin ɗin mutane da sassafe, kai za ka je da tsumma? Kai da wayarka ba ta farkawa sai azahar?"

Ya ce ba wannan ake yi ba. Na karɓa da hannu biyu, na gode, na ɗaure masa a kan baburinsa, don in ya ɓata a san inda za a mayar da shi. Daga nan na je na tsaya a gaban jaridar Abbu na faɗi abin da na yi niyya, dalla-dalla. Can daga bayanta aka ce, "Kada dai a ɓata fenti."

Saboda haka ga yadda jana'iza za ta kasance. Ba za a yi salla ba, hankalina bai gushe ba. Ranar Alhamis bayan la'asar za a binne fatar da ƙararrawar a tukunyar furen da ke kan soronmu. Akwai shayi, da mithai ɗin Fuffo, tunda ba a mayar da kyauta. Ba zaman makoki, ina da aji washegari. A wurin za a naɗa magajinsa, wanda Ustad Ghafur ya gama jiya da haruffan da mai tabarau zai karanta daga tsallaken titi, sannan a buɗe wa Nawab ƙofa.

Allon tagullar kuwa ba zai shiga ƙasa ba. Daga soro za a sauko da shi a kafe shi a jikin koriyar ƙofa, ta waje, ƙarƙashin sunan Abbu. Iyali sun keɓe wa Bhai Taukir girmamawar riƙe ƙusa. Ni zan riƙe guduma, kuma yana da kyau ya sani tun yanzu cewa ban taɓa riƙe ta ba.