Ɗakin Gwaggo ya Ci, Ni na Zama Mugun Misali

Jama'a, yau na sha kunya a tsakar gidana, kuma ni da kaina na share mata wurin zama.

Makon jiya maƙwabcina Abdulmajid tela ya leƙo ta katanga ya ce wai manya za su zagaya unguwannin Dogon Dutsi, suna neman gidan da ya fi kula da muhalli, a ba mai shi farantin nan mai kama hasken rana. Ni da kuran, wato wutar lantarki, ke leƙo gidana sau biyu a mako, nan take na hango abin bisa rufina.

Na tashi haiƙan. Na shafe ɗakina na siminti da koren fenti, don na lura duk takardar da ta ambaci muhalli koriya ce. Na sayo furannin roba na jera a bakin ƙofa. Na goge firigona, wanda rabonsa da sanyi tun damina, na jawo shi inda ido zai gani. Matata Barira ta gama kallona ta ce, "Malam, to ɗakin Gwaggo fa?"

Nan gizo ke saƙar. Gwaggo Maimunatu ƙanwar mahaifina ce. Da muka ɗauko ta daga Sukukutane ta ƙi siminti, ta zaɓi tsohon ɗakin laka na ƙuryar gida, wanda na daɗe ina lallashinta in rushe in yi shago. Sai na kafa zana a gabansa, na roƙe ta ta yi zamanta har baƙi su wuce.

Da hantsi motoci biyar suka iso. Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya sauko, bayansa Ranka-ya-daɗe Uban Takardu, sai wata malama mai tabarau da mai ɗaukar hoto. Ba a kashe mota ko ɗaya ba, kada sanyin ciki ya gudu. Ni da na wuni a layin esansi shekaranjiya don lita biyu ta man fetur, na tsaya ina shaƙar hayaƙin da godiya. Ko ba komi sun raba wa talaka rabonsa.

Na fara jawabin da na haddace. Malamar ta murza furen roba da yatsa, ta dube ni, ta rubuta wani abu. Ina cikin "kamar yadda kuke gani" akuyar Gwaggo ta tunkuyi zanar, ta kife. Ga Gwaggo zaune tana tsinkar zogale.

Malamar ta bar ni baki buɗe ta nufi can, sauran suka bi.

"Inna, wannan murhun fa?"

"Laka ce da kashin jaki na kwaɓa na kewaye shi. Icce ukku sun isa tuwo. Icce ya yi nisa yanzu, ɗiyata."

Ta nuna musu 'yar rariyar da ke kai ruwan wanke-wanke gindin zogale. Ta nuna randar da ta binne rabi cikin jiƙaƙƙen yashi, suka sha, wani har ya ƙara. Ga ramin da take tara toka da kashin awaki da ɓawon wake, taki ke nan na gona. Da aka tambaye ta kwandon da ke rataye, ta ce, "Leda ta kashe mini tunkiya bara. Ba ta ƙara shigo mini ɗaki."

Sarkin Yanka Ƙyalle ya shiga ɗakin lakar, ya ji sanyi, sai da aka yi ta kiransa ya fito. Ya ce, yana nufin taron bita, "Inna, wane atiliye ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Atiliye ɗan wane gida ne? Ni uwata ta gwada mini."

Ya yi tari, ya tambaye ta abin da take buƙata. Ta ce, "Pampon unguwag ga ya shekara bai ɗiga ba. Kuma ku ce ma yaranku su kashe motocin can, kajina na atishawa."

Aka yi dariya. Uban Takardu ya rubuta, ya ce za a duba. Farantin hasken rana kuwa yana hanya, sai an kafa kwamitin da zai tantance rufin da ya dace da shi. Aka ba Gwaggo hula da riga mai rubutu, aka tafa.

Ina rakuɓe sai mai hoto ya yafuto ni. Na ce ashe ba a manta da maigida ba. Ya tsayar da ni ƙarƙashin rufin kwanona, ya matso da firigo, har ya jawo tulin ledojin da na cusa bayan ƙofa ya zube gabana. Na gyara hula, na washe baki. Da ya gama na ce, "Mi za a rubuta ƙasan hoton?"

Ya ce, "Hoto biyu muke so, Malam. Na tsohuwa a dama, a rubuta yi haka. Naka a hagu, a rubuta kada ka yi haka."

Suka tafi suka bar mana ledojin ruwan da suka sha a ƙofar gida. Ni da Barira muka duƙa muna tsinta, Abdulmajid na bisa katanga yana dariya har da hawaye. Gwaggo ta ɗago ta ce, "Yaushe ne za ka rushe ɗakin?"

Na ce, "Wane ɗaki, Gwaggo? Wa ya taɓa faɗin haka?"

An ce hoton zai kai har kasuwar Matankari. Duk wanda ya gan ni can da jan gicciye a ƙirji ina murmushi, ya yi mini adalci: lokacin ban sani ba.