Dala Ɗarin Goggo Delu

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin Rabi, ƙanwar mijina Sani, a Kurfi ba, ko da kuwa zan yi shekara ɗari a duniya. (Kalmar ɗari ma yanzu in na ji ta sai gabana ya faɗi.)

Ni malamar tattalin arziki ce a wata sakandare a Dutsin-Ma, kuma ina da wani ciwo: in aka ambaci kuɗi, sai na ba da tarihinsu. Mai kifin dam ɗin Zobe in ya ce mini kifi ya yi tsada, ba zai tafi ba sai ya ji yadda fam ɗaya ya koma naira biyu ranar da aka canja kuɗi, da yadda sule ya zama kwabo goma. Surukata Hajiya Mairo ba ta taɓa yarda wannan ilimin yana da amfani ba. Takan ce matar Sani ta san kuɗin kowa ban da na cefane. Shekara shida ina neman ranar da zan burge matar nan.

Ranar ta zo da kanta. Mai sanarwar gudummawa ba ta iso ba, gida ya cika da mata, sai Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce tunda bakina ba ya gajiya, in riƙe lasifika. Wayyo daɗi! Na gyara ɗauri, na shiga aiki. Duk wadda ta kawo atamfa ko kwanon samira, sai na haɗa mata da kirari.

Ana cikin haka Goggo Delu ta matso. Yayar Hajiya ce, an aurar da ita wani ƙauye a ƙasar Maradi tun kafin a haife ni. A gidan har yau ana ba da labarin yadda aka yi wa sadakinta na sefa dariya, don a lokacin naira ɗaya sai ta kwashi sefa da yawa, mutanen can ma naira suke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Yanzu kuwa ruwa ya juya, sefa ta haye kan naira, duk wanda ya zo daga Nijar kallon attajiri ake masa. Ga shi an ce ɗanta yana haƙar zinariya a can arewa.

Ta kama hannuna ta raɗa mini: "Ɗiyata, ki ce dala ɗari na kawo ma Rabi."

Jama'a, kaina ya yi wani irin juyi. Ban tambaye ta komai ba. Na buɗe murya na ce a yi shiru, ga Goggo Delu daga Nijar ta kawo dala ɗari, ta Amurka, kore shar! (Ba ta ce Amurka ba. Ni na ƙara, da bakina.) Ban tsaya nan ba, na juya musu ita zuwa naira a farashin ranar, na tuna musu zamanin da naira ta fi dala daraja, na ce yau Allah ya rama wa Goggo dariyar sadakinta.

Gida ya ɗauki guɗa. Amarya ta fashe da kukan murna tana cewa keken ɗinkinta ya samu. Hajiya Mairo, wadda gwiwa ke hana ta tashi sallah a tsaye, ta miƙe ta taka rawa, ta zo ta dafa kafaɗata ta ce ashe karatun nan ba banza ba ne. Wallahi ji na yi kamar an ba ni kujerar Makka.

Ita kuwa Goggo tana can tana fama da ƙullin haɓar zanenta. Ta kwance, ta kwance, ta sake kwancewa, sannan ta ɗora mini tsaba guda ɗaya a tafin hannu. Na duba. Sefa ɗari biyar.

Na sunkuya na ce mata ina sauran. Na manta lasifika na bakina.

"Wane saura?" in ji ta, kowa na ji. "Dala ɗari ce cif. Ku nan ba ku san dala sefa biyat ba ce? Kuma wai ke ce malama?"

A nan na tuna. Mutanen Nijar da dala suke lissafi, kowace dala sefa biyar. Na sani sarai. Kakata ma sule biyu take kira dala, kuma ni da kaina na taɓa rubuta wa ɗalibai wannan a allo har na ja layi a ƙarƙashi. Abin da ke hannuna da ƙyar zai kai mutum Dutsin-Ma a mota, shi ma in direba ya ji tausayinsa.

Guɗa ta mutu. Wata daga baya ta ce, "Kore shar," sai dariya ta ɓarke, har masu tuƙa tuwo suka saki muciya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi cina shi ne fuskar Goggo, ta fara gane cewa kyautarta ake wa dariya, ita da ta tara ta da kuɗin ƙuli-ƙuli.

Hajiya ta karɓi lasifikar daga hannuna a hankali. Ta ce yayarta ba ta yi ƙarya ba, dala ɗari ta ce kuma ta kawo. Ta Amurkar kuwa, wadda ta faɗa ita za ta cika, don a gidan nan ba a janye abin da aka sanar.

Ranar kasuwa na sayar da ɗaya daga cikin tumaki biyun da na yi shekara ina kiwo. Rabi ta samu kekenta, kuma ko'ina aka je cewa ake Goggo Delu ce ta saya mata.

Da za ta koma gida na raka ta tasha. Ta riƙe hannuna tana ta sa mini albarka, ta ce ba ta taɓa ganin inda kuɗinta suka yi auki haka ba. Sannan ta ce bikin Hauwa, ƙanwar Rabi, na nan tafe bayan damina, ta riga ta fara tari, dala ɗari biyu za ta kawo, kuma ni take so in yi sanarwa.

Tun daga ranar, ko ɗalibi ne ya ce mini dala, sai na tambaye shi ta wace ƙasa. Tunkiya ɗaya ta rage mini.