Takalmina a Motar Rake

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka sa ni gwada wata mai neman aiki ba, domin da takalmi biyu na shiga ofishin, da ɗaya na fito.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Makarfi. Mai makarantar wani dattijo ne, Alhaji, wanda ya yi arziki da rake da mazarƙwaila. Bai yi boko ba, amma idonsa a buɗe yake. Ya daɗe yana cewa zai naɗa shugaban sashen kimiyya, ni kuwa na sa rai har na fara gwada yadda zan riƙa sa hannu. Sai ya kira ni ya ce za a ɗauki malamar kwamfuta, in zo in yi mata tambayoyi a gabansa. Na ce a raina yau Alhaji zai ga ilimi, kujerar nan ta zama tawa.

Sunan mai neman aikin Rifkatu, iyayenta mutanen kudancin Kaduna ne da noma ya zaunar a Kudan. Ta durƙusa ta gaida Alhaji, aka yi ta lafiya lau har aka gaji. Takardunta sun ce ta karanci lissafin yiwuwar abu da kuma ilimin auna labari. Na farkon na sani. Na biyun kuwa da safen nan na leƙa shi a waya ina shan koko (kuma ban kai ƙarshen shafin ba, caji ya ƙare).

Na gyara murya na ce, "Malama, idan aka cilla kwabo sama..."

"Wane kwabo?" in ji Alhaji. "Ni ba na son zancen baki. A cilla in gani."

Aka duba aljihu, aka duba durowa, babu kwabo. Wa ke yawo da kwabo yanzu? Mai hankali da ya sauya tambaya. Ni kuwa sai na tuɓe takalmina na dama na ɗaga shi sama, na ce ai duk ɗaya ne, ko ya faɗi a daidai ko ya faɗi a kife, rabi da rabi.

Rifkatu ta ce cikin ladabi, "Malam, ƙasan takalmi ya fi samansa nauyi, sai an cilla da yawa kafin a sani. Kuma akwai 'yar yiwuwar kada ya faɗi ta ko ɗaya."

Na yi wata dariyar manyan malamai. "Kada ya faɗi? Wannan sifili ne." Na juya na rubuta SIFILI ɓaro-ɓaro a ƙaramin allon ofis, har na ja masa layi.

Na fara cillawa. Ofishin ƙarami ne, takalmin yana faɗawa bayan tebur kusa da ƙafar Alhaji, inda ba na gani. Sai in tambaya, ya ce, "A daidai yake," ya turo mini shi da sanda. Na sake, a daidai. Na ƙara, a daidai. Abin da ban lura da shi ba, kun san dai a gidajenmu ba a barin takalmi a kife. Duk lokacin da ya kife, Alhaji sai ya yi a'uziyya a hankali ya juya shi da sanda, sannan ya faɗa mini gaskiyar abin da yake gani. Rifkatu tana kallo, amma ba za ta tona dattijo ba, sai ta sunkuyar da kai tana cizon leɓe.

Ni ga ni tsaye da ƙafa ɗaya ba takalmi, ina sanar da su cewa na gano sabon abu: takalmin ɗinkin Zariya ba ya kifewa. Wallahi har na ji kaina ya yi girma. Sai na jefa mata tambayar da na leƙo a waya da safe: nawa ne labarin da ke cikin cillawa ta gaba?

"Babu, Malam," ta ce. "Abin da kowa ya san zai faru ba labari ba ne. Kamar lafiya lau ɗin da Baba ya amsa mini ɗazu, ko jikinsa na ciwo haka zai ce. Labari yana girma ne gwargwadon yadda ba a zaci abin ba."

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ai kuwa gwiwarsa ta hana shi barci. "'Yar nan, kin san abu."

Nan kishi ya kama ni. Ni aka zo gani, ba ita ba. Na ce bari in yi ta ƙarshe, na tattara ƙarfina na wurga takalmin sama. Ashe an kawo wuta ban sani ba, fanka tana gudu. Ji kawai muka yi fat, takalmi ya bi ta taga, ya sauka a kan wata motar rake da ke wucewa ta nufi Ikara. Mu uku muka tsaya a taga muna kallonsa yana tafiya.

Alhaji ya dubi allo, ya ce a karanta masa abin da na rubuta. Da bakina na karanta. Sai ya juya wajen Rifkatu.

"To 'yata, wannan fa, labarin nawa ne?"

"Baba, wannan kafin la'asar ya kai garin Gazara."

Ya kai kuwa. Kunyar da na ji tun daga ofis har bakin titi, ina ɗingishi ɗalibai na leƙe ta tagogi, ban taɓa jin irinta ba. Mai acaɓan da ya kai ni gida ma bai tambaye ni ina ɗaya takalmin ba, ya riga ya ji.

Rifkatu ta sami aikin. Da zangon karatu ya zagayo, Alhaji ya ba ta shugabancin sashen, ni kuma yara suka ba ni sarautar Malam Sifili. Tun daga nan, in aka tambaye ni ko abu kaza zai iya faruwa, cewa nake Allah ne masani. Kuma takalmi mai igiya nake sawa.