Kujerar Yara Ta Kama Ni

Na je gidan renon yara a Jikwoyi ɗauko ɗana Sadik, sai na tarar da shi cikin yashi, shi da abokansa suna murza murfin bokiti, wai motar Nyanya suke tuƙawa. Na kira mai wurin, Madam Rifkatu, na ce ban kawo yarona nan don ya zama kwandasta ba.

"Oga, shekaransa uku ne fa," in ji ta. "A wasan nan suke koyon magana da haƙuri da juna."

Na ce ta tara min su, yau za ta ga koyarwa. Na gyara hula, na cusa kaina cikin 'yar kujerar robarsu mai hannu, na fara A, B, C da muryar hedimasta. Kafin in kai F, rabinsu sun koma yashi. Na miƙe in kamo su, kujerar ta miƙe tare da ni, ta riƙe ƙuguna gam. Ina zagaya tsakar gidan a duƙe ina fizga, wata yarinya ta nuna ni ta ce, "Kunkuru." Nan take kowa ya ɗora kujera a baya suka biyo ni, Sadik ne a gaba. Dariya ta hana Madam taimako, sai da maigadi ya zo ya ɓamɓare ni.

Har yau in na shiga, yara sai su ruga neman kujeru. Matata kuwa, duk gidan da muka je, sai ta ce, "A kawo wa Baban Sadik tabarma."