Burgar Farfesa Lyle

Garinmu ƙarami ne, amma ba a hana mu manyan mutane ba. Muna da Lyle Brandvold. Ya yi shekara da shekaru yana sayar da taraktoci, kuma da ya ajiye aiki bai tafi kamun kifi a kan ƙanƙara ba kamar sauran tsofaffin Minnesota. Ya sadaukar da kansa ga ilimin kartar poka. Muna kiransa Farfesa, shi kuma bai taɓa gyara mana ba.

Sai ka gan shi ran Lahadi da rana a zauren gari. Baƙin tabarau a ɗakin da ko taga babu, hula har gira, wai kada a karanta masa fuska. Fuskar kam ba ta karantuwa. Kunnuwansa ne dai ke yin ja duk lokacin da kati mai kyau ya zo masa, kuma ba wanda ya ga dalilin ɓata masa rai da wannan labari.

Ran Laraba yana ba da darasi kyauta. Ana zuwa, don zauren da ɗumi kuma akwai gahawa.

"Jama'a, mutum iri biyu ne a kan tebur," in ji shi. "Akwai gwani, akwai ɗan rakiya. Gwani yana tunani, shi ya sa burga ke cinsa. Ka tura tsabar caca da yawa kamar katin sarakuna ne a hannunka, sai ya zubar da katinsa. Ɗan rakiya ba ya zubarwa, bin ka zai yi har kabari. Kada ka yi masa burga. Jira kati mai kyau, ka bar shi ya biyo ka."

Maganar gaskiya ce, ba ƙari ba ragi. Saura sanin wane ne wane.

Duk ƙarshen hunturu muna yin gasa. Da tsabar roba ake yi, kuma abin da ake ci kofi ne mai ɗauke da sunan ɗana Anders, wanda ya fara wannan zama kafin ya rasu. Ni nake raba kati, ba na wasa. Farfesa bai taɓa cin kofin ba. Bana ya kafa masa kanta a falonsa, har da 'yar fitila a sama, ya kuma yi alkawari a gaban kowa: in bai ɗauka ba, ya rufe makaranta, kuma shi zai wanke kwanukan walima. Ɗalibansa suka fara addu'a, kowa da abin da yake roƙo.

Masu hana ruwa gudu biyu ne. Akwai Renata Kowalczyk, likitar dabbobi, wadda ta ci bara. Farfesa ya ce sa'a ce kawai. Sai Marlys Tveit, tsohuwa mai kaɗa molon coci a da, wadda ta yi goyon Lyle yana jariri. Marlys tana zuwa ne don hira. Har yau takan tambaya ko katin sarauniya ya fi na goma, kuma ba ta zubar da kati, don a ganinta rashin ladabi ne a ba ka abu ka mayar.

Wata guda kafin gasa, Lyle ya yi mata burga, ta bi shi, ta cinye shi. Ya yi mako yana nazari. Bayani biyu ne kawai: ko shi ya yi kuskure, ko ita gwana ce ta ɓoye. Kun san wanda ya zaɓa.

"Matar nan lumbu-lumbu ce, wutar ƙaiƙayi," ya raɗa mini. "Duk tambayoyin nan tarko ne. Ɗan rakiya ba zai iya cin mutum irina ba. Na gano ta."

Ran gasa, Marlys ta sa kaskon dankali da nama a tanda a kicin ɗin zaure, da tunanin za a fitar da ita da wuri kamar kullum. Kati ya ƙi ba ta haɗin kai. Ta yi ta bi, ta yi ta ci, har aka rage su uku: ita, da Renata, da Farfesa. Tana ta duban agogo. Lyle ya lura, ya gyaɗa kai irin na wanda ya ga dabara.

Na raba. Renata ta duba nata ta zubar. Lyle ya ƙara tsaba. Ya yi ajiyar zuciya, ya taɓa hula, ya sake ƙarawa. Labari yake tsarawa daki-daki, irin wanda gwani zai karanta ya ce lalle sarakuna ne. Kunnuwansa fari fat. Kowa a zauren ya san babu komai a hannun nan, ban da mutum ɗaya, ita kuma ƙofar kicin take kallo.

"Duka," in ji Farfesa, ya tura tsabarsa tsakiya.

"Lyle, ɗan nan, in na bi ka na faɗi, shi ke nan na tashi?"

"Shi ke nan, Marlys. Ki yi tunani da kyau."

"Madalla. Na bi."

Ta buɗe kati biyu masu lamba huɗu, ta riga ta fara neman jakarta. Farfesa ya buɗe bakwai da biyu, marasa dangi a kan tebur. Na tura mata tsabar.

"Haba, Lyle," ta ce. "Da wannan ka tsayar da ni?"

'Yar tsabar da ta rage masa, don tasa ta ɗan fi ta Marlys yawa, Renata ta share ta a zagaye na gaba, kunnensa kawai ta duba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Dole Marlys ta ci gaba da zama. Renata ba ta yi mata burga ko sau ɗaya ba. Ta jira kati mai kyau, ta tura, Marlys ta bi. Ta sake jira, ta sake turawa. Abin ya ɗauki lokaci, kamar yadda haƙuri ya saba. Kafin a gama, ƙauri ya cika zauren.

Da na miƙa wa Renata kofin, ta ɗaga shi wajen Lyle.

"Darasinka na bi, Farfesa. Kalma da kalma."

Ya karɓi yabon da gyaɗa kai, ya wuce kicin cika alkawari. Can ya tarar da Marlys tsaye kan kasko baƙi ƙirin.

"Faɗa mini gaskiya, Marlys, gwani da gwani," ya ce. "Me kika gani a jikina?"

"Ban ma kalle ka ba, ɗan nan. Ƙamshin dankalina nake jiyowa." Ta miƙa masa kaskon. "Baɗi in ka ce kana da kati, ka kasance kana da shi. Mutane yunwa suke ji. Ga soso, ta kusurwa ya fi kamawa."

Farfesa ya cire tabarau don ya ga ƙanzon da kyau. Kunnuwansa sun yi ja jawur, kuma ba komai a hannunsa sai soso.