Rasuwar Marar Bango, Littafin Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai gama bushewa ba, Auta mai shagon ɗinki take sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, da duk matan da suka taɓa zuwa aro, rasuwar tsohon littafinta na soyayya, wanda aka fi sani da Marar Bango. Ya cika da hantsi a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli, bayan doguwar jinyar da ya yi shiru bai gaya wa kowa ba.

Ba a san shekarunsa ba, ba a kuma san sunansa na gaskiya ba. Yayar Auta ce ta tsinto shi a shimfiɗar mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin tasha, tun suna 'yan mata suna kwana ɗaki ɗaya. Ya shigo gidan ba bango, ba shafin farko, sai warin ƙura da tabon shayin wani. Mahaifinsu ya juya shi gaba da baya ya ce, "Shirme," ya miƙa mata abinta. Daga ranar ya zama ɗan gida.

Labarin da ya ɗauko na zamanin da ne, zamanin takobi da fitilar mai, lokacin da saƙo kan tsufa a hanya. 'Yar mai fito, mai ƙetar da mutane a jirgi, ce ta tsinci sojan abokan gaba jina-jina a bakin kogi, ta ɓoye shi a ɗakin ajiye komar kamun kifi, ta yi jinyarsa, alhali yayanta yana can yana yaƙar mutanensa. Daga nan sauƙi bai sake leƙowa ba. Gari ya ƙone, annoba ta shigo, aka raba su, kowanne aka ce masa ɗayan ya mutu.

Auta ta shaida cewa marigayin bai san sassauci ba. Sai ya bari kin saki jiki, sannan ya shaƙe ki. Amma bai taɓa yin ƙarya a kan zuciya ba, wannan ne ya sa aka so shi. A gidansu ba a faɗin abin da ke rai. Mahaifinsu ya zauna da mahaifiyarsu har furfura, iyakar kalmar so da aka taɓa ji a bakinsa ita ce, "Kin ci abinci?" A cikin littafin kuwa mutum zai tsaya a ruwan sama, da rauni a kafaɗa, ya faɗi magana har ƙarshenta. Kuma da yake mutanen ciki sun shuɗe tun kafin a haifi kakar kowa, ana iya yi musu kuka ba mai tambayar dalili. Mace takan shiga da kukanta na gida ta zubar a can, a ce ai littafi ne ya sa ta.

Ana tuna shi da muryarsa. Idan an buɗe shi bayansa yakan ce ƙas, kamar gwiwar tsoho. Shafinsa kuma shaf, a hankali, bayan Yaya ta lashi yatsa. Ita ke karantawa, Auta na yi mata kitso. Idan aka zo maganar soja sai Yaya ta ɗan yi tari, ta kaurara murya ta ce, "Ki bar fitilar a taga. Ko ban zo ba, ki bar ta." A nan hannun Auta kan tsaya cak a tsakiyar kai. Tukwanen da suka ƙone saboda wannan layin, mahaifiyarsu ta tafi da lissafinsu.

Marigayin mai zumunci ne. Ya kwana a gidan malamar asibiti, ya yi mako wajen matar mai gidan haya, ya je wurin mai gyaran gashi har sai da aka aika a karɓo shi. Duk inda ya je yakan dawo ya fi yadda ya tafi kumburi.

Da Yaya ta yi aure, da littafin ta tafi. Ta haifi 'ya mace ɗaya, yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba ciwon ƙirji ya kwantar da uwar. Auta takan rufe shago da rana ta tafi asibiti da littafin a jaka, yanzu ita ke karatun. Matan sauran gadajen kan yi tsit. Wata tsohuwa da ake yi wa ƙarin ruwa ta taɓa cewa, "Ɗaga murya, 'yar nan, mu ma muna ciki."

Wani yammaci suka iso wurin da sojan ya dawo bayan shekaru, ya tsaya a ɗaya gaɓar kogin, yana hangen haske a taga, ga ruwa ya cika, babu jirgi. Yaya ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan, Auta. Bar shi ya ɗan jira. Gobe za mu ƙetar da shi."

Auta ta tsinko jan zare daga bakin gyalenta ta sa a shafin. Yaya ba ta kai goben ba.

Tun daga nan ba a sake buɗe marigayin ba. Auta ta sa shi a aljihun ƙasa na kabad ɗin shago, ta ɗauki 'yar Yaya ta riƙe. Masu zuwa aro ta ba su haƙuri har suka daina. Amma da tsakar rana, idan ta ɗauke ƙafa daga keke shagon ya yi shiru, takan ji shaf daga wajen kabad ɗin. Maigidanta ya ce ɓera ne, ya ɗana tarko, tarkon ya yi tsatsa bai kama komai ba. Ita dai ba ta yi musu ba. Ta san akwai mutum tsaye a bakin ruwa, kuma ta san wadda ta ce ya jira.

Ciwon ajali ya shigo ta baya. Bututun ruwa ne ya tsage a cikin bango, danshi ya ratsa katako, gara ta biyo sawu. Ba wanda ya lura.

Ranar da abin ya faru, 'yar Yaya ta zo gwajin rigar aurenta. Tana tsaye gaban madubi, allurai a ƙugu, sai ta ce, "Inna, ni fa ban tuna muryarta ba. Ki karanta min inda ta tsaya."

Auta ta cire allurai daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa ta ja aljihun. Littafin ya fito dunƙule guda, da sanyi, da nauyi kamar jiƙaƙƙen bulo. Ta ɗora shi a tebur ta ja jan zaren. Bai ce ƙas ba. Ya rabe biyu, cikinsa baƙi, ya zube kamar ƙasa.

"Shi ke nan?" in ji yarinyar.

Auta ta zauna. Can sai bakinta ya buɗe, labarin ya fara fitowa tun daga ɗakin koma. Sai dai muryar ba tata ba ce. Tana jan numfashi inda Yaya ke ja, tana ɗan tari kafin maganar soja. Yarinyar ta tsaya ƙyam, hawaye na sauka kan yadin da ba a gama ɗinkewa ba, ba ta share ba. Haka muryar ta tafi har bakin kogi, a nan ta ɗauke. Abin da ke gaba, Auta ta ji shi ba adadi tun tana yarinya, amma ta nema ta rasa.

Marigayin ya rasu ya bar Auta, da 'yar Yaya, da jan zare guda, da mata da yawa a unguwa waɗanda ya sa kuka suka gode masa. Ya kuma bar soja ɗaya a tsaye.

Za a zauna karɓar gaisuwa a shagon jibi da yamma, bayan an rufe keke. Ana roƙon kada kowa ya kawo sabon littafi, ko da an ce irinsa ne. Abin da ake nema shi ne duk wadda ta taɓa karanta shi ta zo da abin da ta tuna na bayan kogi. Malamar asibiti ta riga ta ce sojan iyo ya yi, matar mai gidan haya ta rantse 'yar mai fito ce ta tuƙo jirgin ubanta. Auta ta ce duk wanda ya tabbata ta karɓa. Kujerar da ke kusa da taga za a bar ta ba kowa, a yi haƙuri a zauna a benci.

Daga nan za a naɗe marigayin a ragowar yadin rigar amarya, a kai shi gindin bishiyar bayan shago. An riga an haƙa ramin. Amma ba za a rufe shi ba sai an ƙetar da bawan Allahn nan.